Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Maganar Leburorin Ruwa a Mubi

Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana da ta taso a taronmu na watan jiya, wadda tun daga ranar ta hana ni sakat. Waɗanda suka halarci taron sun ga abin da ya faru, waɗanda ba su samu zuwa ba kuwa ga yadda aka yi.

Muna dab da tashi sai wata baiwar Allah daga cikin matanmu ta aiko ɗanta da saƙo. Mai gidanta lebura ne, yana cikin masu barin Bahuli da asuba su tafi cikin garin Mubi haƙan ramin bututun ruwa. Ana cikin aiki gefen ramin ya rufto masa, ƙafarsa ta dama ta karye a cinya. Abokan aikinsa ne suka tono shi da hannuwansu suka kai shi asibiti. Wanda ya ɗauke su aikin ya zo dubiya sau ɗaya, ya ajiye abin da bai kai kuɗin hoton ƙashi ba, daga nan wayarsa ta daina shiga. Da 'yan uwansa suka je ofishin da ya ba da kwangilar, aka buɗe littafi aka duba aka ce babu sunansa, ba su san da shi ba. Mun yi masa karo-karo a nan take, Allah Ya saka wa kowa da alheri. To amma da na kawo shawarar mu rubuta takardar koke, sai wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai ya ce: "Sakatare, ƙaddara ce ta faɗa masa. Kuma mu baƙi ne a nan, baƙo ba ya tayar da ƙura." Na duba na ga mutane da yawa suna gyaɗa kai.

Baba, ka gafarce ni, ban yarda da wannan magana ba, kuma tunda a bainar jama'a aka yi ta, a bainar jama'a zan ba da amsa. Babu mai jayayya da ƙaddara. Amma katakon da ya kamata a tokare gefen ramin nan da shi, mutum ne ya ƙi sayensa don ribarsa ta ƙaru. Sunan da ba a samu a littafi ba, mutum ne ya ƙi rubutawa. Idan muka rufe waɗannan da sunan ƙaddara, to mun wanke mai laifi ne da hannunmu.

Ni ba ɗan boko ba ne, kowa ya sani. Sai da na yi aure na haifi 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi haɗa baƙi da wasali. Kafin nan diga da shebur ne sana'ata, har yau kantar tana tafin hannuna. Saboda haka abin da zan faɗa a kan aikin nan, daga cikin rami na san shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wane irin aiki ne?

Mai buɗe famfo a gidansa ba ya tunanin tafiyar da ruwan ya yi kafin ya iso gare shi. Ana jawo shi daga kogi ko daga manyan rijiyoyin burtsatse, idan na kogi ne a zuba masa alam datti ya kwanta, a tace, a sa masa sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, sannan inji ya tura shi babban tanki a kan tudu. Daga tanki yake gangarowa ta babban bututu, ya rarrabu zuwa na unguwanni, daga nan zuwa ƙananan da ke shiga gidaje. Kusan duk wannan a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa sai an haƙa ake kai gare shi.

Idan bututu ya fashe, lebura ne zai bi layi yana neman wurin, inda ƙasa ta yi danshi da rani, ko inda ciyawa ta yi kore alhali ko'ina ya bushe. A rufe bawul, shi kuma ya kama haƙa. Mubi a gindin duwatsun Mandara take, akwai wuraren da diga ke tashi da tartsatsi idan ta sauka. Idan ya kai ga bututun sai ya kwashe ruwa da taɓo da bokiti, ya share wa filamba wuri a yanke ɓangaren da ya lalace a haɗa sabo. Bayan nan ya shimfiɗa yashi a ƙarƙashin bututun da kewayensa don kada dutse ya sake huda shi, ya mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan yana daddaɓewa. Wanda ya yi ha'inci a wannan mataki na ƙarshe, bayan damina ɗaya sai an sake tonowa. Ban da wannan akwai wanke tanki, da yashe ramukan bawul da shara ta cike, da dakon bututu da buhunan magani, da binne layukan da zaizayar ƙasa ta tone bayan ruwan sama, musamman a wuraren da ke gangarawa kogin Yedzeram.

Yanzu ga haɗarin. Ƙasa mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, nauyinta ya haura tan guda, wato ya fi buhun siminti 20. Idan rami ya kai ƙirjin mutum, gefensa ya zubo, babu ƙarfin da zai ture wannan nauyi. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce rami mai zurfi a tokare gefensa da katako ko a kwantar da bakinsa, kuma ƙasar da aka fitar a tara ta nesa da baki don kada ta ƙara masa nauyi. Ku gaya mini tsakani da Allah, sau nawa kuka ga an yi haka a gefen hanyoyinmu? Lebura yana tsaye da silifa ko ƙafa ba takalmi cikin ruwan kwata mai fasassun kwalabe da ƙusa mai tsatsa, ga cutar sarƙe haƙora tana jira. Tsofaffin bututun da aka shimfiɗa a garuruwan ƙasar nan da yawa na siminti ne haɗe da asbestos, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurar asbestos na jawo sankarar huhu bayan shekaru, amma a busasshe ake yankansu da zarto, babu ko ƙyalle a hanci. Hodar kulorin tana ƙone fata da ido. Wanda aka zura cikin tanki ko rami mai murfi, iska na iya yanke masa kafin na sama ya ankara. Ga wayar lantarki da aka binne ba alama, ga motoci suna wucewa a bakin ramin.

Lafiyar 'ya'yanmu tana hannunsa

Wani zai ce shi ba lebura ba ne, ba shi da ɗa lebura, kuma mu nan gefen gari rijiya da burtsatse muka fi sani, to ina ruwansa? Ga ruwanka. Idan ana ba da ruwa yau a ɗauke gobe, lokacin da inji ya tsaya ƙarfin da ke cikin bututu yakan faɗi, sai bututun ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta kowace tsaga. Idan ta cikin lambatu ya bi ko kusa da masai, ƙazantar ce ke shiga, ranar da aka dawo da ruwa kuma ita ce ke fara isa gidajen mutane. Ɗan garuwa ya cika jarkokinsa ya tura kura, mai shayi ya saya, mai abinci a kasuwa ta saya, ɗanka da ya je makaranta a gari ya sha. Kasuwa ɗaya muke ci, asibiti ɗaya muke zuwa.

Ba mu manta watan Mayu na 2018 ba, lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ɗaruruwan mutane suka kwanta, aka rasa rayuka. Wannan cuta ta ruwa da abincin da najasa ta taɓa take bi, ko rijiya ce, ko jarka ce, ko fasasshen bututu. Tun a 1854 wani likita mai suna John Snow ya bi sawun masu mutuwa a wata unguwa ta birnin Landan ya gano famfo guda suke sha, aka cire hannun famfon. Ashe kuwa mutumin da ke shiga taɓo ya toshe tsagar bututu aikin rigakafi yake yi, daidai da mai allura a asibiti. Idan aka wulaƙanta shi, aka riƙe masa kuɗi, aka ce ya gama da sauri ya rufe, kowa zai sha sakamakon.

A ranar 28 ga Yuli 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa samun tsabtataccen ruwa hakki ne na ɗan Adam. A watan Nuwamba 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabtar muhalli a Najeriya. Maganganu ne masu daɗin ji a rediyo. To wai shin wa zai kai wannan hakki ƙofar gidan talaka in ban da mai diga?

Yadda ake ɗaukarsu

A aikin ruwa hawa uku ne. A sama akwai ma'aikaci na dindindin mai fayil, mai albashi, mai jiran fansho da garatuti. A tsakiya akwai ɗan kwangila. A ƙasa akwai ɗan ƙwadagon da heluma ke nunawa da yatsa da safe, a yi masa jinga, ya haƙa daga nan zuwa can a kan kaza. Babu takarda, babu sa hannu. Na san waɗanda suka yi furfura a wannan hawa na ƙasa, sun san inda kowane bawul yake a Lokuwa da Kolere da Yelwa da Sabon Layi fiye da abin da ke cikin taswira, sabon injiniya ma su yake tambaya. Ranar biki kuwa, idan za a yanke ƙyalle a ƙaddamar da aiki, korarsu ake yi gefe don kada tufafinsu su ɓata hoto. Abin ba yau ya fara ba. Aikin ruwan Challawa da aka yi wa birnin Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kowa yana ambatonsa da sunan Sarki da Turawa, waɗanda suka haƙa ramukan daga bakin kogi zuwa birni kuwa babu mai tuna ko ɗaya.

Ga inda abin ya fi shafarmu. Idan aka buɗe ɗaukar ma'aikata na dindindin, takardar farko da ake tambaya ita ce ta shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin. Yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, yana biyan haraji a nan, yana jefa ƙuri'a a mazaɓar Bahuli, sai a ce masa ya koma garin kakansa ya karɓo. Ya yi kuɗin mota ya tafi Katsina ko Kano ko Zariya, can kuma a ce ba a san shi ba. Ko da ya samo, ta wata jiha ce, ba za ta yi masa amfani a nan ba. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa a 1996, ta ce ɗan asali shi ne wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan asalin wurin ne, ko wanda ƙaramar hukuma ta karɓe shi a matsayin haka. Ku lura da wannan ɓangare na biyu, domin yana nufin ƙofar ba a kulle take da doka ba, mutane ne ke riƙe da mabuɗin.

Abin da nake tambaya shi ne: da za a shiga ramin, wa ya nemi indijin? Da gefen rami ya rufto, ƙasar ta tambayi garin kakan wani? A ƙarshen Oktoba 2014 da 'yan Boko Haram suka kama Mubi, duk tare muka gudu, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru, wasu Yola, kuma da muka dawo tare muka gyara abin da aka ɓata. Wannan yanki ma kansa sai a 1961 ya shigo Najeriya ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, aka kira shi Lardin Sardauna, ya shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ya koma Gongola a 1976, ya zama Adamawa a 1991. Akwai gidaje a cikinmu da duk waɗannan sunaye suka zo suka same su a nan.

Kada wani ya juya mini magana. Ba mu neman sarautar kowa, ba mu neman gonar gadon kowa. Mutanen Fali da muka tarar a Bahuli sun karɓi iyayenmu, mun san wannan, muna kuma koya wa 'ya'yanmu su sani. Bugu da ƙari, a cikin ramin nan ɗan Fali da ɗan Gude da Bamargi da Bafulatani da Bahaushe kafaɗa da kafaɗa suke. Ɗan Fali yana da takardar a aljihu, amma tunda ba shi da uwa a gindin murhu shi ma a jinga zai tsufa. Kuma gaskiya ɗaya ce, abin da ake yi mana a nan ana yi wa wasu a garuruwan da kakanninmu suka fito. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2006 kan wariyar da ake nuna wa waɗanda ba 'yan asali ba ya ambaci Filato da Kaduna da Delta, ya kuma ambaci Kano. Wanda zai yi kuka a Mubi ya yi shiru a kan Sabon Garin Kano, kukansa ba na neman adalci ba ne.

Abin da doka ta ce

Na sa yaranmu masu karatu sun karanta mini sun fassara, na kuma rubuta a littafina. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin da ya fito ko addininsa. Sashe na 40 ya ba shi damar shiga ƙungiyar ƙwadago.

Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda masu aikin ƙarfi suna cikin waɗanda aka yi ta dominsu, ta ce a sashe na 7 kafin ma'aikaci ya wuce wata 3 a bakin aiki dole a ba shi takarda mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauke shi, da irin aikin, da yawan ladansa da lokacin biya.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ita ce ta fi dacewa da ɗan uwanmu da ke kwance. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da na masu zaman kansu, kuma ta lissafa har da na wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Mai ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo daga ladan lebura. Wanda ya ji rauni ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, mai aikin ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, kuma a shigar da neman diyya cikin shekara 1. Ku ga abin da shiru ke jawowa, kwanakin nan tafiya suke yi muna zaune muna cewa ƙaddara.

Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a Yuli 2024. Idan aka raba 70,000 a kan kwanakin aiki 26, kusan naira 2,700 ke nan a yini. Sai dai dokar ta cire masu aikin jinga, da wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ta wannan kafa ce 'yan kwangila ke sulalewa, shi ya sa ba sa son yin rajistar kowa, shi ya sa komai jinga.

Amsa ga masu uzuri

Ana cewa gwamnati ba ta da kuɗi. To kuɗin takalmin roba da safar hannu da katakon tokare rami nawa ne a cikin kuɗin kwangila guda? Rubuta sunan mutum a littafi kuma biro kaɗai yake ci.

Ana cewa hukuma ba ta san lebura ba, ɗan kwangila ta sani. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ofishin da ya ba da aikin jama'a da kuɗin jama'a yana da ikon ya sa a cikin yarjejeniya cewa ba za a biya ɗan kwangila ba sai ya kawo sunayen leburorinsa da shaidar ya biya su ya kuma yi musu rajistar diyya. Rashin sa wannan sharaɗi zaɓi ne.

Ana cewa zamanin famfo ya wuce, yanzu kowa burtsatse yake haƙawa da inji mai aiki da hasken rana. Mai hali ne ke haƙa tasa, talaka saye yake yi a jarka da tsada, ruwan da babu mai auna tsabtarsa. Ita kanta burtsatsen unguwa tanki gare ta da bututu da kawunan famfo, kuma duk mun ga waɗanda suka mutu bayan shekara biyu saboda ba a ajiye mai gyara ba.

Ana cewa idan muka yi magana za a daina ɗaukar 'ya'yanmu gaba ɗaya. Wannan tsoro na fahimce shi, domin akwai gidajen da tukunyarsu ba ta hawa wuta sai an dawo daga rami. Shi ya sa nake cewa kada mu tafi mu kaɗai, kada kuma mu tafi da sunan ƙabila. Mu tafi da leburorin Fali da na Gude da kowa, da takarda guda, da buƙata guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Namu laifin

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A cikinmu akwai masu huda babban bututu da dare su jona ruwa ta bayan fage, su ɗaure da robar taya su rufe, daga nan ƙazanta ke shiga. Akwai masu kafa shago a kan layin ruwa, idan aka zo gyara su tayar da rigima. Akwai 'ya'yanmu da ke cire murfin ƙarfe na ramin bawul su sayar wa 'yan gwangwan. Akwai masu shan ruwa su ƙi biyan kuɗi. Abin da ya fi ciwo, wasu daga cikin helumomi da ƙananan 'yan kwangilar da ke danne ladan lebura namu ne, sahu ɗaya muke tsayawa da su, alhali addininmu ya tsananta a kan gaggauta biyan ɗan ƙwadago hakkinsa. Kuma mu ne ke kiran mutum "ɗan lebura" da raini, idan ya zo neman aure mu ce ba shi da sana'a. Wanda bai mutunta nasa ba, da wane baki zai ce wa hukuma ta mutunta shi?

Abin da nake kawowa gaban taro mai zuwa

Na farko, ƙungiya ta buɗe littafi na musamman, duk mai zuwa aikin ruwa ya ba da sunansa, da ranar da ya fara, da unguwar da ake aikin, da wanda ya ɗauke shi, da abokan aiki biyu da za su yi masa shaida. Mai waya ya ɗauki hoton kansa a bakin aiki. Littafin a buɗe yake ga maƙwabtanmu ko wace ƙabila ce.

Na biyu, duk wanda ya ji rauni a sanar da ni a ranar, a adana katin asibiti da rasiɗin magani, mu rubuta wa mai aikin takarda kafin kwana 14 su cika, mu riƙe kwafi.

Na uku, a kan ɗan uwanmu da ke kwance, a ba ni izini in rubuta koke zuwa NSITF da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, mu nemi lauya a Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Idan ta kama, Kotun Ƙwadago ta Ƙasa tana da reshe a Yola.

Na huɗu, mu naɗa wakilai su gana da kansilan Bahuli, da shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisarmu na jiha, da shugabannin ƙungiyar AUPCTRE wadda ma'aikatan hukumomin ruwa ke ciki. Buƙatunmu su ne takardar ɗaukar aiki, da kayan kariya, da tokare duk rami mai zurfi, da biyan lada a kan lokaci, sannan idan za a ɗauki ƙananan ma'aikata na dindindin a fara duba waɗanda suka daɗe suna yin aikin, wanda aka haifa a nan kuma ƙaramar hukuma ta yi amfani da ikonta ta karɓe shi.

Na biyar, mu farfaɗo da ajin dare. Mutumin da zai iya karanta abin da ake ce masa ya dangwala wa yatsa, da wuya a cuce shi sau biyu. Ni shaida ne, kuma na ɗauki nauyin koyarwa kwana biyu a mako ba tare da ko sisi ba.

Iyayenmu mata, ku ma da ku nake. Ku ne ke jinya idan an kawo mutum a kwance, ku ne ke neman abin da za a ci. Ku sa mazanku da 'ya'yanku su zo su rubuta suna.

Daga ƙarshe ina sake neman afuwar dattijonmu idan harshena ya yi kaifi. Baba, kai ka koya mana cewa baƙo ya zauna lafiya da masu masaukinsa, kuma muna nan a kan haka. Neman diyyar wanda ya karye a aikin jama'a, ta hanyar takarda da doka, ba ya cikin tayar da ƙura. Ina roƙon ka zo taro mai zuwa, ka kuma zama kai ne za ka jagoranci wakilan, domin furfurarka za ta buɗe mana ƙofar da tawa ba za ta buɗe ba.

Allah Ya ba ɗan uwanmu lafiya, Ya tsare sauran da ke fita da asuba, Ya zaunar da Mubi da Jihar Adamawa da Najeriya lafiya, amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya, Bahuli, Mubi ta Arewa